Ruwa Marar Gaɓa da Direba Marar Jin Magana

Tun da muka dawo ba a bar ni na huta ba. A Islamiyya tambaya, a gidan suna tambaya, a waya kuwa Hajiya Indo kaɗai ta ishe ni: "Hajiya Rabi, wai da gaske a cikin ruwa kuka riƙa kwana? Wai ɗanyen kifi kuka yi ta ci?" Na maimaita labari ɗaya har bakina ya yi tsami, shi ya sa na zauna na rubuta muku shi gaba ɗaya, kowa ta karanta ta ƙyale ni. Wadda ke jiran ta ji na ce an sha daɗi kuwa, ta nemi wani labarin. Ni da fushina na dawo, kuma har yau bai gama sauka ba.

Kun san Alhaji, maigidana. A fataucin dabbobi ya ƙarar da ƙuruciyarsa, daga Mai'aduwa zuwa Damagaram har Agadas. Maganarsa kullum ita ce ya ga rairayin da ba shi da iyaka, saura ya ga ruwan da ba shi da gaɓa. In aka ce ai ya sha kai shanu Ikko ya ga teku, sai ya ce wannan daga tudu ya hango, hange ba gani ba ne. Shi so yake ya tsaya a tsakiya, ya juya gabas da yamma, kudu da arewa, kada ya ga ƙasa ko ta girman faifai. Mun ɗauke ta maganar tsofaffi, muna dariya, har bara da likitan ido a Kano ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali, maganin ɗigawa jinkirta abin kawai zai yi. Daga nan dariya ta ƙare. Nasiru, ɗanmu na uku da ke aiki a Nairobi, ya kira ni ya ce, "Umma, ku shirya. Na ɗauki shatar jirgin ruwa na mako guda a gaɓar Mombasa. Baba zai ga ruwansa tun idon na gani."

Da na ji shata ce sai hankalina ya kwanta, don in akwai abin da na sani a duniya, shata ce. Wace amarya aka kai Kano ko Maraɗi daga unguwarmu ba ni ce uwar tafiya ba? Dokar shata ɗaya ce, kuma ko yaro ya san ta: mota taka ce, direba naka ne. Ka ce tsaya, ya tsaya. Ka ce juya an manta turmi, ya juya. Ka ba shi abinci ya ci, ka kira shi da mutunci, shi kuma ya kai ka inda ka ce, ba inda ya ga dama ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun da sauran lokaci na haɗa guzuri: kilishi, dambun nama, man shanu, daddawa, garin kuka, yaji, garin fura, da ɗan kurfotina na gawayi, don ban yarda da shayin da ba a dafa a kan garwashi ba. Ɗan'azumi direba ne ya kai mu Kano, shi ma shata. A Kazaure Alhaji ya ce a tsaya zai gaisa da wani tsohon abokin fataucinsa. Gaisuwa ta zama hira, hira ta zama cin abinci, Ɗan'azumi yana ƙarƙashin dalbejiya yana jira, ko tsaki bai yi ba. Ku riƙe wannan, za ku ga amfaninsa a gaba.

Jirgin sama ba ni da abin cewa a kansa, ban da kujera mai matse ƙafa da abinci a ɗan akushin da bai kai tafin hannu ba. A Adis Ababa muka sauya jirgi, ga sanyi, ga tafiyar ƙasa a cikin gini kamar za a je Zango. A nan ne na ji an riƙe mini gefen mayafi. Na waiga, Alhaji ne.

"Haba Alhaji, a gaban mutane?"

"Cunkoso ne, Hajiya. Kada mu ɓace wa juna."

Na ce to, raina har da ɗan jin daɗi, tsoho ya tuna da soyayya a ƙasar mutane.

Inda muka sauka a Mombasa aka fara ɓata mini rai. Kare suka sako wa jakata. Kare, jama'a, da hancinsa jiƙe, a kan jakar da sallayata ke ciki! Ya shinshina ya zauna, wani jami'i ya ce in buɗe. Kilishi ya tafi, dambun nama ya tafi, man shanu ya bi su, wai doka ta hana shiga da nama da abin da ya fito daga dabba. Na ce wannan kilishin ya fi duk wanda ke wurin nan tsabta. Da ya kwance ƙullin daddawa kuwa sai ya ja da baya har ya taka karen, ya miƙo mini abata da yatsu biyu. Ita ce kaɗai ta ƙwaci kanta. Nasiru yana bakin ƙofa yana jiranmu, ya rungume ubansa, ni ko gaisuwarsa ban amsa da kyau ba, don zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Masaukinmu na Mombasa ba laifi, kuma mutanen garin sun burge ni. Musulmi ne da yawa, matansu da baƙar abaya kamar namu, ka yi sallama a amsa maka da fara'a. Sai dai komai nasu da kwakwa: shinkafa da kwakwa, wake da kwakwa, fanke da kwakwa, saura kaɗan su sa ta a ruwan wanka. Tuwon masararsu kuwa ka jefi akuya da shi sai ta faɗi, kuma ba miya, sai ɗan ganye a gefe. Shayinsu ne ya wanke su, yana da kayan ƙamshi. Da asuba na duba inda gari ke fara haske na ta da salla kamar yadda na saba. Ina sallamewa Nasiru ya leƙo ya nuna mini wata 'yar kibiya a jikin rufin ɗaki.

"Umma, a nan alƙibla arewa take."

"Arewa? Tun ina yarinya gabas nake kallo, yau rana ɗaya a ce mani arewa?"

"Makka ce ke arewa da mu yanzu, Umma."

Na sake salla ina ƙunƙuni a zuci, Allah Ya yafe mini. Alhaji ya yi dariya har da tari.

Washegari mota ta kai mu wani ƙaramin gari arewa da Mombasa, inda teku ya yi hannu ya shigo cikin ƙasa. Ga jirgin nan fari fat, tsawonsa bai wuce na babbar bas ba, a tsakiyarsa an kafa wani dogon ƙarfe da ya fi falwaya tsayi, igiyoyi ko'ina kamar turken dabbobi. Mai tuƙa shi wani gajeren mutum ne mai furfura a gemu, da gajeren wando, ba takalmi. Sunansa Asumani, wato Usmanu ne suka lanƙwasa. Nasiru na ce masa kyaftin, ni kuwa direba nake ce masa, don abin da yake ke nan. Matarsa A'isha ce mai girki, ita ce kuma mai jan igiya, da wandonta kamar namiji.

Ban sa ƙafa a jirgin ba ya fara kafa mini doka. A cire takalmi. Akwatina ba zai shiga ba, sai a juye kayan a jakar yadi. Da ya ga kurfoti sai ya riƙe kai, ya yi wata doguwar magana, Nasiru ya ce wai ba a hura wuta a jirgi. Na ce, "Gaya mashi ni na ɗauki shata ko shi ya ɗauke ni? Gaya mashi a garinmu direba ba ya buɗe kayan uwar tafiya, balle ya zaɓa mata abin da za ta ɗauka. Gaya mashi kurfotin nan ya je Maraɗi ya je Damagaram bai ƙona kowa ba." Nasiru ya juya ya faɗi kalma biyu ko uku da Turanci, mutumin ya yi murmushi ya ɗan rusuna mini. A nan na gane yaron nan ba fassara yake yi ba, tace maganata yake kamar koko. Kurfoti dai a tudu ya kwana.

Ɗakin kwana kuwa, akurkin kajina ya fi shi sarari. Bayi sai ka yi ta buga famfo da hannu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwa. Muna zaune a kan ruwan da ya fi ƙasar Daura faɗi, ana auna mini na alwala a ɗan kofi, wai na tanki na sha ne da girki. Alhaji ya ce ai malamai sun ce ruwan teku ma yana alwala. Na ɗebo da guga na kurkure baki, na yi ta tofarwa har la'asar.

Muka tashi da inji kamar abin kirki. Muna fita sarari sai ya kashe injin, suka ja wani ƙaton farin ƙyalle sama shi da matarsa, iska ta cika shi, jirgi ya karkace gefe guda kamar jakin da aka yi wa lodin ɓangare ɗaya. Na saki salati na damƙe Nasiru. Wai haka ake yi, wai daɗin ke nan. Ga inji lafiyarsa ƙalau, an ajiye shi ana jiran iska! Kuma ba ya tafiya miƙe. Inda za mu yana gabanmu, sai ya nufi dama, can ya juyo ya nufi hagu, duk mu sunkuya kada sandar ƙyallen ta fasa mana kai. Da Ɗan'azumi ne ya yi mini wannan tuƙi a hanyar Katsina, da tuni na sauke shi.

Duk wannan da sauƙi. Babbar maganar ita ce ƙasa ba ta ɓace mana ba. Muna tafe tana biye da mu a hagu: bishiyoyin kwakwa, masaukan baƙi, Turawa kwance a yashi ba sutura kamar an shanya kifi. Da yamma direba ya shiga wani lungu ya jefa ƙaton ƙarfensa mai ƙugiya, muka kwana muna jin carar zakarun ƙauye. Na ce, "Alhaji, duba fa, har wanki ina gani a kan igiya. Wannan ne ruwan da ba gaɓa?"

Ya ce, "To, Hajiya."

Da safe na sa Nasiru ya gaya wa direba yau tsakiya za mu, inda ba a ganin ƙasa, don abin da ya kawo mu ke nan. Mutumin ya dubi sama, ya dubi wayarsa, ya nuna wani farin layi can nesa inda ruwa ke tafasa. Wai duwatsu ne a ƙarƙashin ruwa suka yi katanga, mu muna ta ciki inda ruwa ke kwance, ta waje kuwa iska ta yi ƙarfi. Ya ƙare da kalma ɗaya, "Kesho." Gobe ke nan da yarensu. Ita ce kalmar da na koya a ƙasar, don kullum da ita muke karya kumallo.

Sai ga wani sabon raini. Direba ya ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki zuwa inda Alhaji ke zama, ya kama hannunsa ya ɗora a kai. Daga baya ma ya zaunar da shi a bayan sitiyari ya sakar masa. Na ce, "Nasiru, shata muka ɗauka ko aikatau muka kawo ubanka? Dattijo da girmansa a sa shi tuƙi, direba na zaune yana ɓare lemo?" Alhaji ya ce in bar shi, wai yana jin jirgin a hannunsa kamar akalar raƙumi, in iska ta ja sai ya ji. Haka yake wuni, fuska a iska, hula a aljihu, yana murmushi shi kaɗai. Ni kuwa murmushin nan ƙara tunzura ni yake, don na san haƙurinsa. Mutum ne da za a ci haƙƙinsa ya ce Allah Ya sa haka ya fi alheri.

Salla ma sai da ta zama aiki. Jirgi a tsaye yake amma yana juyawa a kan igiyarsa, ka kabbara kana kallon arewa, ka yi sallama kana kallon ƙauye. Abinci kuwa, ran nan A'isha ta kawo wata halitta mai hannuwa barkatai, kowane hannu da 'yan ƙuraje a jere, ta dafa ta da kwakwa. Na ce ko a mafarki na ga wannan sai na yi sadaka. Na karɓe mata murhun gas ɗinta mai lilo na kaɗa miyar kuka da daddawar da ta tsira, warin ya cika jirgi, raina ya yi fari. A'isha ta ɗanɗana, ta ƙara, har ta side cokali. Mace ce mai kirki, mijin ne Allah Ya haɗa ta da shi.

Da na ga faɗa bai yi ba sai na bi ta hanyar da na sani. Muka sauka wani ƙauyen masunta na sa aka samo kindirmo, na dama fura da hannuna, irin wadda ake tashi daga Kano a zo Daura a sha. Na cika kofi na miƙa wa direba da hannu biyu, har da ce masa Malam Usmanu. Ya shanye ya miƙo kofi, na ƙara masa. Ya shafa ciki ya yi godiya. Na ce to, tsakiya fa? Ya dubi sama. "Kesho." Ku gaya mini, a ƙasar Hausa akwai direban da zai sha furarka kofi biyu ya dube ka ya ce gobe?

Kwanaki na tafiya, saura kaɗan mu mai da jirgi. A ƙauye na gaba na ga wani masunci da kwalekwalensa na katako, na bi shi da nuni da hannu ina tambaya ko zai fitar da dattijo waje ya dawo da shi. Mun fara fahimtar juna ke nan Nasiru ya iso da gudu ya sallami mutumin. A nan na sauke masa kwandon da na daɗe ina ɗauke da shi.

"Kai wane irin ɗa ne? Idon ubanka tafiya yake, ba jiran iska yake ba. In muka koma bai gani ba, yaushe zai gani? Baɗi? Ka san abin da likita ya ce. Ka kawo shi duniya mai nisa ka zaunar da shi a bakin rafi yana jin kukan zakara, ni kuma kana yanke mani magana rabi da rabi!"

Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Umma, zo ki faɗa masa da kanki. Wallahi ba zan rage ko kalma ba."

Na faɗa, kuma na ga alama bai rage ba, don murmushin direba ya ɗauke. Ya saurara har na gama, sannan ya amsa, Nasiru na juyawa. Ya ce a tudu ni uwa ce, zai ɗaukar mini kaya a ka in na ce. A kan ruwa kuwa, in wani ya faɗa, shi za a tambaya, duniya da lahira. Ya ce ƙofar katangar nan ƙarama ce, ba zai bi ta da dattijo cikin wannan iska ba ko da za a ba shi jirgin kyauta. Na ce to shata ta zama me? Ya ce jirgin na ɗauka, ban ɗauki iska ba. Ku ji fa rashin kunya. Ranar ko abincinsu ban ci ba.

Ranar ƙarshe muna idar da sallar asuba na ji shiru. Igiyoyin da ke ta kaɗa ƙarfe kwana da kwanaki sun yi tsit. Direba ya zo ko ina kwana babu, ya miƙo mana wasu riguna masu kumburi ruwan lemo, ya ɗaure wa Alhaji tasa da hannunsa, ya ɗaura masa igiya a ƙugu. Ya nuna waje da haɓa. Na ce wa Nasiru, "Ka gani? Da ban yi magana ba fa?" Ya ce iska ce ta kwanta. Na ce ya rufe mini baki.

Muka bi ta ƙofar nan, ruwa na tafasa dama da hagu. Muna fita jirgi ya fara hawa yana sauka, wai wannan ma kwantaccen ruwa ne. Na mai da duk abin da na ci har da na jiya, A'isha na riƙe da ni tana shafa mini baya. Amma ina amai ina waiwaye. Bishiyoyi suka gajarce, gine-gine suka narke, ƙasa ta zama wani siririn zare, zaren ya yi ta sirancewa. Wajen hantsi na duba na rasa shi. Na miƙe ina riƙe da igiya na juya ko'ina da kaina, don ban yarda da kowa ba. Babu. Ko tsuntsu babu.

Na rarrafa wurin Alhaji na dafa gwiwarsa. "Alhaji, tashi ka gani. Ga abinka. Duba baya, ƙasar ta tafi."

Bai juya ba. Ya laluba ya kama hannuna, a gaban ɗansa, a gaban baƙi.

"Rabi," ya ce, kuma rabon da ya kira sunana tun kafin a haifi Nasiru, "ni ai tun ranar da muka shigo jirgin nan ban ga ƙasa ba."

Ban gane ba da farko. Na ce wace irin magana ce wannan, ƙasar da muka wuni muna kallo?

"Ke kike kallo. Tun kafin azumi abin da ya wuce tsawon hannuna ya zama hayaƙi. Haske nake gani da duhu. A gida na san hanyata, shi ya sa ba ki lura ba."

Sai mayafin Adis Ababa ya faɗo mini a rai, da igiyar da aka ɗaura daga ƙofar ɗaki, da "To, Hajiya" da yake ce mini in na nuna masa wanki. Na dubi Nasiru, shi ma bakinsa a buɗe yake. Na dubi direba, ya kau da kai yana gyara igiyar da ba ta lalace ba. Wani irin fushi ya taso mini wanda ya fi duk na baya, hawaye na zuba ina faɗa.

"Shi ne ka bar ni ina ta haƙilo? Na yi faɗa da ɗana, na yi faɗa da bawan Allah a cikin jirginsa, na zubar da girmana a ƙauyen masunta, kana zaune kana murmushi? Me ya hana ka gaya mani?"

"Da na gaya maki tun a gida, da kin ce a fasa, ki zauna kina kuka. Da na gaya maki a nan, da kin bar faɗan, ba mu fito ba. Ni kuwa ina so in fito." Ya matse hannuna. "Bar kukan nan haka. Ke ce mai ido. Gaya mani."

Ni ba mai iya siffanta abu ba ce, kun sani, faɗa na iya. Amma na share fuska na duba. Na ce masa launinsa kamar ruwan baba na rini a karofi, wanda bai taɓa ganin tsumma ba. Na ce sama ta kife a kansa kamar ƙwarya, bakinta ya zauna daidai ko ta ina, ba inda ya ɗaga. Na ce yana numfashi kamar bijimin sa a kwance. Yana ji yana gyaɗa kai.

"Gabas fa?"

"Babu komai."

"Yamma, inda muka fito?"

"Babu, Alhaji."

"Ki duba da kyau. Ko ta girman faifai?"

Na sake miƙewa na duba da kyau, don ba zan yi masa ƙarya ba. "Wallahi babu."

Iska na kaɗa masa gemu. Can ya ce, "Alhamdu lillahi. To, na gani."

Dawowa ba wani labari. Direba ya dawo mini da kurfotina a tudu, na bar wa A'isha sauran daddawa da garin kuka. Shi kuwa na yi masa sallama don Musulunci, amma har gobe ina nan a kan bakana: wannan ba shata ba ce, kuma duk wadda ɗanta ya ce zai ɗaukar mata jirgin ƙyalle ta tambaye shi tukuna wa zai riƙa ba da umarni. A Adis Ababa ban jira an kama mini mayafi ba, ni na kama hannunsa, mai kallo ya kalla. Ɗan'azumi ya tarye mu a Kano, da ya ce, "Hajiya, ina za a tsaya?" saura kaɗan in yi masa kuka.

Na ji wasunku sun je gaishe shi sun tambaye shi ko ya ga teku, ya ce ya gani sarai, har yana ba ku labarin ruwan baba da ƙwarya. Gaskiya ya faɗa, kada wadda ta yi masa gardama. Alfarma ɗaya nake nema, ku gaya wa mazanku ma. Yana zaure kullum bayan la'asar, kuma yana son baƙi. In kun zo, ku faɗi sunanku tun daga bakin ƙofa tare da sallama. Kada ku tsaya a gabansa kuna murmushi kuna jira ya gane ku.